Ƙullin Yaya a Bakin Komadugu

Tun da na dawo daga Diffa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fada ba. Duk wanda ya miƙo mini kofi sai ya haɗa da tambaya: yaya can, da gaske ne abin da ake faɗa, ka ga mutanen daji, 'yan bindigar nan, da idonka? Ban gan su ba. Da na gan su, da wani ne yake ba ku labarina. Na gaji da maimaitawa, kuma wanda na ba guntu sai ya ƙara gishirinsa ya kai gaba, har na ji wai soji sun tsare ni kwana uku. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Lawali mai sassaƙe, rumfata tana kasuwar Dole nan Damagaram, gadon ubana ce. Ƙanena Habu, uwa ɗaya uba ɗaya, ya fi shekara goma a Diffa. Dakon buhunan tattasai ya kai shi, ya yi aure can. Da rikici ya zo aka hana cinikin tattasai, ya zauna ba aiki. Da aka sake bari, ya sayi famfon goyo ya zama mai feshi: mai gona ya sayo maganin ƙwari, shi ya goya ya fesa.

Shekara uku da suka wuce ya kira ni ya ce duk ranar da ya yi feshi kansa yana sarawa, zuciyarsa tana tashi. Na haɗa masa abin da Baba yake ba wanda ya ci abin da ya ɓata masa ciki, garin zogale da tsamiya da tafarnuwa da citta kaɗan, na ba direba. Ya ce ya ji dama. Ya sake nema, na sake aikawa. Tiya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama biyar. Bana ya ce buhu yake so. Ban tambayi abin da mutum ɗaya zai yi da buhu ba. Mai sayarwa ba ya irin wannan tambayar.

Direbobi suka ƙi ɗaukar buhun gari ba mai shi a mota. Ina cikin neman dabara, muna waya da Habu, sai matarsa Fanna ta karɓi wayar. Ba ta taɓa yi mini magana ba in ba gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya, ka kawo da kanka." Ta kashe. To, abin da ya tashe ni ke nan.

Mun tashi bayan asuba a Hiyas, buhuna a sama tsakanin katifa da wata tunkiya. Har Gure tafiya ce kamar kowace. Daga Gudumariya abin ya sake. Mota tana tsayawa nesa da shingen soji, kowa ya sauka, maza su ɗaga riga su nuna ciki, a bi layi a ƙafa, katin ɗan ƙasa a hannu, mota ta wuce ba kowa. Na ga tumbin manyan mutane a wannan hanya fiye da yadda na gani a duk rayuwata. Wani alhaji mai babbar riga uku sai da aka jira shi.

Can an hana yawo da takin zamani, don an ce da shi ake haɗa abin fashewa, saboda haka duk wani gari abin tuhuma ne. A shingen farko soja ya soka wa buhuna ƙarfe, ya zaro, ya shinshina, ya tambayi mai shi. Na ce magani ne. Ya ce in ci. Na lasa. A na biyu ma haka. A na uku wani saurayi mai tabarau ya ce lasa ba shaida ba ce, ya sa na cika tafin hannu na watsa a baki, ya tsaya yana kallona har na haɗiye, ba ruwa. Kafin Maine na ci abin da nake ba mutum na kwana huɗu.

Kun san aikin tsamiya. Bayan Maine da kaɗan na ce wa direba ya tsaya. Ya ce a nan ko mai naƙuda ba a tsaya mata. Na duba waje ko akwai inda mutum zai fake, babu. Dama da hagu bukkoki ne na zana da tamfol, na mutanen da suka baro ƙauyukan bakin ruwa suka zo suka zauna a gefen kwalta, don nan ne soji suke wucewa. Tafiya ake, bukkokin ba su ƙarewa. Wani tsoho Babarbare da ke kusa da ni, wanda tun Damagaram bai ce uffan ba, ya dubi gumin da nake yi, ya ɓara goro ya ba ni rabi, ya ce in dinga taunawa ina salati. Na yi duka biyun. A Gagamari mota ba ta gama tsayawa ba na dira. Wata mata da ke tuyar ƙosai ta dube ni sau ɗaya, ta miƙo buta, ta nuna mini wani ɗan kewaye na tamfol. Ba ta tambayi sunana ba. Har gobe ba na son a zagi Gagamari a gabana.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Diffa shiru ne. An hana babur. Ku da kuka saba sai kun yi ihu a bakin titi kafin a ji ku, ku yi tunanin gari guda kana jin takun jaki. Kuma kowa yana sauri da yamma, don akwai lokacin da ba a fita. Gaisuwa kaɗai ce ba a gaggauta ta. Mu nan mukan tambayi gida da aiki da gajiya mu wuce. Su sai sun tambaye ka lafiya sun sake tambaya, murya ƙasa ƙasa, ido a ƙasa, hannu a ƙirji, kai ka ɗauka an gama har ka buɗe baki za ka faɗi abin da ya kawo ka, sai a koma farko.

Habu ya ce in sauka wurin wani Alhaji Mutari, ɗan nan unguwar Birni, mai shagon iri da maganin feshi, shi zai sa ni a mota da safe. Alhaji ya tarbe ni kamar wani minista. Ya kira maƙwabta, ya ce ga Yaya da kansa. Ni ban gane ba. Sai ya jawo wani kwando daga ƙarƙashin teburi, cike da ƙananan ƙulli a leda. Garina ne. Ashe Habu yana kawo masa, shi kuma duk wanda ya sayi kwalbar magani sai ya ɗora masa ƙulli ɗaya gyara. Sunansa a can ƙullin Yaya. Wai in ka dama ka sha bayan feshi, ya wanke gubar tas. Alhaji ya ce tun da ƙullin ya zo mutane suka daina tsoron magani mai ƙarfi, wanda yake sayen kwalba ɗaya yanzu biyu yake ɗauka.

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi. Shekara talatin ina zaune a rumfa, ba wanda ya taɓa kiran maƙwabta don ya gan ni.

Aka kawo burabusko da miyar yakuwa da bandar kifi, irin kifin da ba a tambayar ta inda ya shigo gari. Abincinsu ba laifi, sai dai mai ya yi yawa, ni kuma cikina bai gama yafe mini ba. Bayan ci aka shigo da kaskon turare. Mu a gida mata ke wannan, su har baƙo namiji sai an turara shi, hayaƙi ya tashi har ka daina ganin mai gida, muryarsa kawai kake ji. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin ajiya, tsakanin kwalayen magani. Na tashi da safe kaina kamar ana daka a ciki. Alhaji ya ce wannan mai sauƙi ne, ya dama mini ƙullina da hannunsa. Na shanye. Kan bai sake ni ba sai azahar. Ban ce wa kowa komai ba.

Daga Diffa muka yi gabas a bayan wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, sannan aka sauke ni na ƙarasa a amalanken jaki. Sunan ƙauyen ba zan rubuta ba, su ma ba su son a faɗa. Masu tambayata iyaka, ga ta: ba shingen waya, ba tuta, ba jandarma. Ruwa ne, kogin Komadugu, faɗinsa bai fi daga rumfata zuwa layin mahauta ba. Wannan gefen Nijar, wancan Najeriya. A can ƙetare akwai gari, gidaje a tsaye, ba rufi, ba hayaƙin girki. Na ɗaga hannu zan nuna, mai amalanke ya sauke mini shi, ya ce ba a nunawa. Gona ana shiga da hantsi, kafin la'asar kowa ya fita. Tattasai kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba, kore shar har inda ido ya tsaya, injin ban ruwa yana ta tari a bakin gaɓa.

A nan na sami Habu da mutanensa shida, shi ne babbansu. Sai da ya ce "Yaya" na gane shi. Ya rame, wuya ya fito, yawu yana taruwa a gefen bakinsa yana sharewa da kafaɗa. Ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. Ya zuba mini shayi, kofi yana kaɗawa a hannunsa, rabi ya zube a ƙasa. Ya ce sanyin ruwa ne.

Na zauna a kan kunya na kalli aikinsu. Ba mai takalmi. Biyu ba riga. Suna auna magani da murfin kwalba, su zuba a bokiti, su sa hannu har gwiwa su juya. Famfon ɗaya yana yoyo, maganin yana bin bayansa har wando. In bakin famfo ya toshe, sai a kwance a sa a baki a busa, wani lokacin a zuƙa a tofar. Habu ya yi haka sau uku a gabana. Da aka tashi, suka taru ƙarƙashin itace, aka dama ƙullina a cikin wata tsohuwar kwalbar magani da aka ɗauraye, aka zagaya da ita, kowa ya kurɓa ya ce alhamdu lillahi.

Akwai wani Bukar a cikinsu, ƙato, mai murya, Hausarsa da nauyin harshen Barebari. Shi ya yi mini jawabin godiya. Ya ce da can wahala suke sha, a ɗaure hanci da rawani, a sa dogon takalmin roba da safar hannu da mutanen agaji suka raba, zafi kamar a mutu. Tun da Allah ya kawo ƙullin Yaya suka huta. Takalman an ba masu kamun kifi, wasu an yanka an yi guga, safar hannu kuma mata suna jajjagen tattasai da ita.

Na ce madalla. Me zan ce?

Kwana na biyu, rana ta take, Habu yana tsakiyar kunya sai ya durƙusa kamar zai ɗauki wani abu, ya kife. Kumfa a baki, jiki yana karkarwa, ya jiƙe sharkaf da gumi. Bukar ya ruga ya damo ƙulli zai ɗura masa. Na riƙe hannun Bukar. Shi ne karo na farko da na hana wani shan maganina. Muka ɗora Habu a amalanke, Fanna tana biye a ƙafa.

Likitar ƙauyen ɗaki biyu ce. Majo, wato babban wurin, wani siriri ne daga yamma, Hausarsa a karkace amma tana isa inda ya aike ta. Bai tambayi abin da ya faru ba, wari ya gaya masa. Ya sa aka tuɓe Habu aka wanke shi da sabulu, ya yi masa allura, ya jira, ya ƙara wata, ya sa masa ƙarin ruwa. Sai da numfashi ya daidaita ya juyo ya tambayi ko ni wane ne. Na ce wansa ne, daga Damagaram.

Ya ce, "Kai ne Yaya?"

Na ce ni ne.

"Shekara biyu ina son in ga fuskarka."

Ya jawo kujera ya ba ni. Na ɗauka zagi zai yi, da ya fi mini sauƙi. Sai ya buɗe aljihun teburi ya fito da ƙullina, ya tambayi abin da ke ciki, na lissafa masa. Ya ce ba abin da zai cuci mutum a ciki, zogale abinci ne mai kyau, shi ma yana sa wa a kunu. Ya ce akwai masu ilimi da suke gwada ganyaye iri iri a kan ɓeraye, su ga ko za su rage ɓarnar da guba take yi wa hanta, kuma mai yiwuwa wata rana a sami wani abu. Amma ɓera ba ya zuƙar bakin famfo. Ya ce wannan gubar ta fata take shiga, ta hanci, ta ido, ta bi jini ta kama jijiya, ni kuma na aika da mai gadi ya zauna a ciki yana jiran ta. Kafin ƙullina irin Habu ɗaya yake gani a wata, yanzu ba ya rasa su duk mako. Ya ce wannan karon Habu ya tashi. In ya koma wa famfo, ba ya ɗaukar alkawarin na gaba.

Washegari na tara mutanen Habu ƙarƙashin itacen nan, su shida da wasu masu feshin da suka ji Yaya ya zo, sun kai ashirin. Na miƙe na ce ƙullin nan ba ya hana guba. Maganin ɓacin ciki ne. Ni na haɗa shi, ni na san abin da ke ciki, kuma ga ƙanena can a kwance.

Suka fara magana da Barbarci a tsakaninsu. Wani dattijo ya ce da Hausa, mai magani na gaskiya dama ba ya yabon maganinsa, wannan ya ƙara masa yarda. Wani ya ce Habu iska ce ta buge shi a bakin ruwa, ba feshi ba. Bukar ya yi dariya har da buga cinya.

Ya ce, "Afuno, in kuɗi za ka ƙara, ka ƙara. Ko mutanen garin Toumour sun riga mu yi maka magana?" Afuno shi ne sunan da suke kiran Bahaushe. Ya bugi ƙirji ya ce shekara uku yana sha, ga shi a tsaye.

Na rantse. Suka ce ba sai na rantse ba. Suka yi mini godiya, suka goya famfunansu suka shiga gona ba takalmi.

Na koma gidan Habu na zauna a ƙofa. Fanna tana bayan zana tana daka. Na ga ba hatsi ba ne, 'ya'yan dogon yaro ne. Tana da ɗan fili bayan gida, tattasai kunya goma da yakuwa. Takan daka 'ya'yan, ta jiƙa su kwana, ta tace da tsohon kallabi, ta sa ɗan sabulu da barkono, ta yayyafa da tsintsiya. Uwarta haka take yi a ƙetare kafin su gudo. Na duba ganyen, ƙwarin darɓa kaɗan ne. Na tambayi me ya hana maza yin haka. Ta amsa daga bayan zana, ba ta dube ni ba, kamar yadda ya kamata da wan miji. Ta ce suna kiran shi maganin mata, don ba ya kashewa nan take, korewa yake, kuma sai an maimaita. Mai gona yana son ya ga ƙwaro ya faɗo a gabansa.

Na gaya mata yadda muka yi da su. Ta ci gaba da daka, can ta ce, Bukar ɗin nan majo ya yi masa maganar takalmi ya fi sau hamsin. Amma akwai layar ƙarfe a damtsensa, wanda ya ba shi ya ce kada ya ci tarwaɗa, kada ya tsallake igiya. Shekara tara yana zaune a bakin ruwa bai ɗanɗana tarwaɗa ba, har lokacin da suka yi gudu ba abin ci sai ita.

Ban tambayi abin da take nufi ba. Sana'ata ce, na fi ta sanin cewa maganin da ba shi da sharaɗi mutane ba su ganin girmansa.

Da safe na sake tara su. Na sa hular Habu mai kyau, na zauna a kan buhun, na sa suka jira. Na ce jiya gwada su na yi, in ga mai yarda da marar yarda. Bukar ya ce shi dama ya sani. Na ce gaskiyar magana ƙullin nan yana da sharuɗɗa da Baba ya bar mini, kuma karya su ne ya kayar da Habu. Wani ya tambayi me ya hana in faɗa tun shekara uku. Na ce asiri ba a faɗarsa a waya. Duk suka gyaɗa kai. A ƙasar nan ko sunan ƙauye ba a faɗa a waya.

Na fara jerowa. Ƙulli ba ya shiga bakin da ya taɓa bakin famfo, in ya toshe a sa tsinke. Ba ya zama a jikin da guba ta taɓa fatarsa, saboda haka riga mai dogon hannu, takalmi, safa, hanci a rufe, a juya bokiti da sanda. Ba a shan sa sai an yi wanka da sabulu an sake tufa. Ba a dama shi a kwalbar da ta taɓa magani, ko an wanke ta sau bakwai. Ba a feshi ana fuskantar iska, ba a yi rana tsaka. Da na ga ba mai musu, sai na ƙara da na Fanna: bayan feshin kwalba biyu, na uku ya zama na dogon yaro, don zogale da dogon yaro abokan juna ne, ɗaya ba ya aiki a inda aka raina ɗaya.

Nan aka yi gunaguni. Suka ce masu gona ba za su yarda da maganin mata ba. Na ce wannan tsakaninku ne, ni sharaɗi na faɗa. Suka shiga tambaya kamar ana gaban malami. In safa ta huje fa? In mutum ya manta ya busa sau ɗaya? Na ba kowa amsa. Ban san ina da wannan baiwar ba. Bukar ya bari sai da aka yi shiru, ya tambayi abin da zai sami wanda ya sha alhali ya karya.

Na ce, "Kai da iyalinka za ku zama kamar wa da ƙanwa."

Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, majo ya ce gubar tana taɓa can ma. Kafin azahar na ga Bukar a bakin gaɓa yana ciniki da wani mai kamun kifi a kan takalmin da shi da kansa ya ba shi kyauta.

Na ƙara kwana huɗu. Na ga mutum ashirin suna feshi a naɗe kamar masu ɗibar zuma, suna zagin zafi, ba wanda ya cire. Aka sallami Habu. Majo ya ce in tafi da shi Damagaram, Habu ya ce ba inda za shi, yana da mutane a ƙarƙashinsa kuma tattasai ya fara fure. Na yi faɗa, na ambaci Inna, na ambaci 'ya'yansa. Ya ce zai kiyaye sharuɗɗa kamar kowa. Na ce majo bai ce ka sa takalmi ba, cewa ya yi ka aje famfo. Ya yi shiru. Haka yake tun yana ƙarami, in ya yi shiru an gama.

Ranar da zan taho ya rako ni inda motar Diffa take tsayawa. Na sami wuri gaba kusa da direba, abin da ban taɓa samu ba. Ana ɗaure kaya, ya jingina da ƙofa yana kallon wani wuri.

Ya ce, "Yaya, garin nan na fi ka daka shi a gaban Baba."

Na ce haka ne.

"Ba shi da sharaɗi ko ɗaya."

Direba ya shigo ya tada mota.

Habu ya ce, "Ka ƙara guda. Ka ce wanda hannunsa ya fara rawa, ƙulli ya gama da shi, ya aje famfo shekara. Ni na kawo su aikin nan, ni na kawo musu ƙullin. Ba zan iya tsayawa a gabansu in ce na kasa ba. Amma in kai ka faɗa."

Na sauko. Wani mai buhun albasa ya haye wurina tun ban gama fitar da ƙafa ba.

Muka koma a ƙafa, a hankali, don ba ya iya sauri. Muka same su sun fito hutu, suna kwance rawani. Na ce akwai sharaɗi na ƙarshe, babba, wanda ba a faɗarsa sai ranar rabuwa. Na faɗa kamar yadda ya ce. Na ce kowa ya miƙo hannu in gani. Ba wanda ya motsa. Habu ya matso ya miƙa nasa a gaban kowa, yana kaɗawa kamar ganye. Sai Bukar ya ja tsaki, ya zare safa, ya miƙo nasa kusa da na Habu. Nasa ya fi rawa. Mutum huɗu suka aje famfo a ranar.

Na sake kwana, na taho washegari a bayan mota, a kan buhunan gawayi. Dawowa ba abin faɗi, ba ni da gari, ba wanda ya ce in ci komai.

Habu yana can. Shi da Bukar suna haɗa ruwan dogon yaro a tulu suna kai wa sauran, wasu masu gona sun karɓa, wasu sun kore su. Hannun Habu bai daina rawa ba, majo ya ce mai yiwuwa ba zai daina ba. Ni kuma ga ni ina daka zogale da tsamiya duk wata ina aikawa, na san ba ya hana komai, kuma ba ni da ikon bari, don ranar da ƙulli ya yanke, ranar za a mayar wa masu kamun kifi takalma. Wanda ya san hukuncin wannan a cikinku ya same ni a rumfa ya gaya mini. Ban da ranar Alhamis, ina da jama'a.